Lesin, sana'a, sansani ko yawon buɗe ido: ina ya kamata kuɗin dogon hutu ya tafi?

Dogon hutun makarantun boko yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, wato tsakiyar damina, lokacin da kuɗin gida ya tafi wajen taki da 'yan ƙwadago, hatsin bara ya ja baya a rumbu, sabo kuma bai shigo ba. A daidai wannan lokaci ne masu lesin da masu shirya sansani suke yawo da takardunsu gida-gida. Magidanci a Gwarzo ko Jahun ba zai iya biyan komai ba, dole sai ya auna. Ni dai ra'ayina shi ne a nema wa yaro abin yi na kullum kusa da gida, sannan a tara ɗan abin da ya rage a yi fita guda ɗaya mai kyau.

Lesin shi ne abin da aka fi tallatawa, kuma shi ne na fi shakka a kansa. Idan malamin da ya koyar da yaro zango uku shi ne zai sake tara yara cunkus a aji ɗaya ya maimaita abin da ke allo, to kuɗin ya tafi a banza. Lesin yana da amfani ga yaron da jarrabawa ke gabansa, kamar mai shirin kwaman, wato jarrabawar shiga sakandare, ko ɗan aji uku na ƙaramar sakandare da ke harin kwalejin kimiyya irin ta Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu, ko ɗan aji biyu na babbar sakandare da zai rubuta kwalifayin, wato jarrabawar tantancewa kafin ta kammala sakandare. Yana kuma da amfani ga wanda ya kai aji huɗu na firamare bai iya haɗa baƙi ba. Kafin ku biya, ku je da kanku ku ƙirga yaran da ke ajin, ku tambayi darasin da za a yi. Wanda ya ce zai koyar da komai da komai cikin mako huɗu, ku riƙe kuɗinku.

Karatun allo da Islamiyya ba sa jiran hutu, amma hutu ne damar ƙara wa yaro hadda da tilawa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wannan a bar shi yadda yake, safe ko yamma.

Inda nake ganin kuɗi ya fi yin albarka shi ne koyon sana'a, ga yaron da ya kai shekara goma sha biyu zuwa sama. Kusan kowane gari mai kasuwar mako yana da tela, da kafinta, da mai walda, da mai gyaran waya, da mai gyaran babur. Sau da yawa ma ba a biyan komai sai ɗan goro da uba zai kai wa maigidan shago, da kuɗin abincin rana. Yarinya kuma tana da ɗinkin hula, da saƙa, da keken ɗinki, da kitso da lalle a wajen wata amintacciyar mata a unguwa. Mako shida ba zai mai da yaro gwani ba, amma zai iya sa zare a keke, ya ɗinke ɓarakar rigar makarantarsa, ya kuma san ko zuciyarsa na son aikin. Hutu mai zuwa sai ya ɗora. Abin dubawa a nan shi ne halin maigidan da irin mutanen da ke zama a shagon, domin yaro zai kwaso maganarsu kafin ya kwaso sana'ar. A wajen walda kuma ku tabbata akwai gilashin kare ido, ba a wasa da wannan. Kada kuma sana'ar ta raba shi da gona gaba ɗaya. Maimai da zuba taki da kiwon 'yan awaki su ma ilimi ne, sai dai a yi da hantsi a tashi kafin rana ta take.

Sansani na kwana shi ne mafi tsada a cikinsu, kuma shi ne ya fi buƙatar bincike. Akwai waɗanda aka daɗe da sani, irin na 'yan agaji da 'yan sikawut, da taron hutun da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya ke yi a watan Disamba. Yaro yakan dawo da ladabi da sababbin abokai da iya kula da kansa. Amma ku tambaya ƙarara: a wace makaranta za a kwana, wa zai kwana da yaran, mata ne ke kula da ɓangaren 'yan mata, ina ruwan sha, akwai ma'aikacin lafiya? Damina ce, sauro ya yi yawa, don haka gidan sauro ya shiga jaka kafin komai. Wanda ya kasa ba ku lambar wayar da za ku kira da dare, kada ku ba shi ɗanku. Yaron da bai kai sakandare ba kuwa, gara ya je hutu gidan kakarsa ko gwaggonsa.

Sai fita ta yini ɗaya, wadda yara za su yi shekara suna labarinta. Gida ɗaya ba zai iya shatar mota ba, amma gida biyar ko shida suka yi karo-karo, abin ya zo da sauƙi, a dafa dambu ko shinkafa da wake daga gida, a riƙe fura da ruwa. Birnin Kano ya fi ko'ina cika ido a yini guda: gidan zoo da aka kafa tun zamanin Gwamna Audu Bako, da Gidan Makama inda aka ajiye kayan tarihin Kano kusa da fadar Sarki, da marinar Ƙofar Mata da ake cewa tana nan tun 1498, sannan a hau Dutsen Dala a hango birnin gaba ɗaya, a ba su labarin Barbushe a inda abin ya faru. Sai dai kada a ce sai an zaga duka. Wuri biyu ko uku sun isa, a kamo hanya kafin la'asar sakaliya saboda hadari. A guji ranakun Sallah idan da ƙananan yara, cunkoson gidan zoo a lokacin ya wuce misali.

Mutanen kudancin Jigawa suna da abin da bai buƙatar doguwar tafiya: zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ga waɗanda ke kusa da kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis, ko ta Wudil ranar Juma'a, yaro zai ga raƙuma da shanu da yadda dillalai ke ciniki, kuɗin mota kawai za a kashe. Dausayin Baturiya da ke yankin Haɗejiya a ajiye shi sai hutun Disamba, domin da hunturu ne tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suke sauka, hanya ma ta bushe.

Wuraren ruwa ne nake roƙon iyaye su yi hattara da su. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, tana da kyan gani, amma da damina ruwa ya cika ko'ina. Har yanzu ba mu manta da kifewar kwale-kwale a Bagwai a watan Nuwamba na 2021 ba, inda akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Allah Ya jiƙansu. Idan shirin fitar ya haɗa da shiga jirgin ruwa ba tare da rigar hana nutsewa ga kowane yaro ba, a soke wannan ɓangaren. Kududdufin bayan gari ma haka: ban da nutsewa, a nan ake kwaso tsargiya, yaro ya dawo yana fitsarin jini.

Ƙanana 'yan ƙasa da shekara bakwai ba sa buƙatar a kashe musu ko sisi. Langa da carafke da 'yar gala-gala a tsakar gida, gaɗa idan wata ya fito, da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daga bakin kaka sun ishe su. Abin da za a kula musu da shi shi ne maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ma'aikatan lafiya ke rabawa gida-gida kowane wata da damina ga 'yan ƙasa da shekara biyar, a tabbata sun sha na kwana ukun duka.