Firiji sabo, na kwatano ko na hannu: abin dubawa kafin ka zaro kuɗinka

A tsakiyar hunturu na sayi firijina na farko, na kwatano. Dogo ne, fari tas, mai ƙofa biyu, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Mai shagon ya jona shi a gabana, kafin mu gama ciniki samansa ya fara yin farin ƙanƙara. Wata uku yana aiki lafiya lau, maman yara tana ƙulla zoɓo da kunun aya tana zubawa, da yamma a fitar a sayar a ƙofar gida. Da bazara ta kankama sai muka lura ba ya hutawa. Dare da rana yana gurnani, bayansa zafi kamar kaskon tuya, ruwan ciki kuwa sanyinsa bai fi na randa ba. Ba a yi ruwan farko ba kwamfiresonsa, wato injin da ke bayansa mai kawo sanyi, ya ƙone.

Mai gyaran da na kira bai fara da buɗe bayansa ba. Fitilar wayarsa ya haska a ciki, ya nuna min wata 'yar takarda manne a gefe, kusa da aljihun kayan miya. Ya ce, "Malam, ka ga wannan SN-N ɗin? Ba don zafinmu aka ƙera shi ba. Da ka kira ni ranar sayensa, da na hana ka."

Wannan 'yar takardar ita ce abu na farko da nake so kowa ya nema, ko sabo zai saya ko tsoho. Masu ƙera firiji suna rarraba shi gwargwadon zafin ɗakin da zai iya jurewa. Mai alamar SN an yi shi ne don ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 32. Mai N daga 16 zuwa 32. Mai ST yana kaiwa 38, mai T kuma har 43. Yanzu ka tuna kicin ɗin gidanka a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, lokacin da zafin waje ke taɓa digiri 40, ga kwanon rufi, ga wutar girki. Firijin da iyakarsa 32 ba zai taɓa kai sanyin da zai sa ya kashe kansa ya huta ba, sai ya yi ta ja har ya gaji. Yawancin waɗanda aka kwaso daga gidajen Turai tsofaffi ne da aka yi wa sanyin can. Akwai masu SN-T a cikinsu, waɗanda suka haɗa duka, kuma idan ka dace da irinsu ka dace. Amma sai ka duba da idonka, don sau da yawa shi kansa mai shagon bai san ma'anar harufan ba.

Ba na cewa kwatano ba shi da abin yabo. Ƙarfen jikinsa ya fi kauri, maƙallan ƙofarsa sun fi ƙwari, kuma kuɗinsa ya fi sauƙi, musamman tun da aka saki Naira a 2023 darajarta ta faɗi, farashin sababbin kaya ya yi tashin gwauron zabi. Magidancin da ke haɗa kayan ɗakin 'yarsa, ga gado, ga kujeru, ga kayan kicin, ba wanda zai ga laifinsa idan ya nufi layin 'yan kwatano. Sai dai a wannan takardar akwai wasu abubuwa biyu da za su gaya maka gaskiyar da fenti ya ɓoye.

Na farko ƙarfin wuta. Wutarmu volt 230 ce, haka ta Turai da Ingila. Ta Amurka kuwa 110 zuwa 120. Firijin Amurka, irin manyan nan masu ƙofa biyu gefe da gefe da ke ɗaukar ido, sai da ƙaramin taransifoma mai rage ƙarfin wuta zai zauna a gidanka, kuma ranar da yaro ko baƙo ya jona shi kai tsaye a bango, shi ke nan. Ni dai ban ga dalilin ɗaukar wa kai wannan fargabar ba.

Na biyu irin gas ɗin da ke cikinsa. Idan ka ga an rubuta R12, juya ka tafi. Wannan gas ɗin na cikin waɗanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta yi wa takunkumi saboda yana cinye rufin sararin samaniya da ke tare mana hasken rana mai cutarwa, kuma ƙasashen Turai sun daina yin sa tun tsakiyar shekarun 1990. Ke nan firijin Turai mai R12 ya ba shekara 25 baya, komai ƙyallinsa. R134a shi ya biyo baya, ana samunsa wurin masu gyara. R600a shi ne na yawancin firijin gida na yanzu, ba ya shan wuta sosai, illarsa ga muhalli kaɗan ce, sai dai yana kama wuta idan ya tsiyaye kusa da harshen wuta. Saboda haka kada a riƙa sa wuƙa ana ɓamɓarar ƙanƙara, kuma kada ka yarda mai gyara ya ɗura wani gas daban da wanda aka rubuta, don kowane kwamfireso da irin nasa da irin mansa. Akwai kuma takardar launuka da Turawa ke mannawa a ƙofa. A watan Maris na 2021 Tarayyar Turai ta soke tsarin A+ da A++ da A+++ a kan firiji, ta koma A zuwa G. In ka ga mai alamar tarawa, ka san tsohon tsari ne, kada a ce maka ƙirar bara ne.

Sai maganar shan wuta, wadda a da ba mu damu da ita ba, lokacin da ake kawo bil na ƙiyasi. Yanzu mita ta shigo gidaje. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta kai farashin masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa Naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. A takardar firiji ko kwalinsa ana rubuta yawan yunit da yake ci a shekara. A ce wani ya nuna 200, wani tsoho ya nuna 500. Bambancin yunit 300 ne, wato Naira 67,500 a shekara a kan wancan farashin, kuma tsohon da robarsa ta saki yana cin fiye da abin da aka rubuta masa yana sabo. Cikin shekara biyu ko uku rangwamen da ka samu ranar saye ya koma aljihun masu wuta. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Wannan lissafin ne ya sa Ghana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun 2013, don ta ga ƙasar na zama juji, kuma suna zuƙe mata wuta.

Sabo ba sai na daɗe a kansa ba. Kamfanonin da ke sayarwa a kasuwarmu, irin su Haier Thermocool da Hisense da LG da Scanfrost, sun san inda kayansu za su zauna, don haka yawanci za ka tarar da ST ko T. Duk da haka a duba. Ka karɓi rasiti da katin garanti mai hatimin shago, ka tambayi inda ake kai gyara a garinku, don garantin da sai an je Legas ba garanti ba ne ga mutumin Gusau. Ka tsaya a buɗe kwalin a gabanka. Kuma ka sayi daidai iyalinka. Babban firijin da rabinsa fanko ne iska kawai yake sanyayawa da kuɗinka.

Wanda na fi so a duba, kuma aka fi rainawa, shi ne na hannu, wato wanda wani gida a garinku ya yi amfani da shi. Wata za ta sauya kayan ɗaki, wani an yi masa canjin wurin aiki, wata an yi rabon gado an ba ta firiji alhali tana da nata. Irin wannan ya riga ya sha bazararmu, ya sha ɗauke wuta da kawowa, ya tsira. Kuma kana iya zuwa ka same shi a jone, ka buɗe ka ga ruwan da ke ciki, ka tambayi shekarunsa da sau nawa aka ɗura masa gas. Firijin da ake ɗura wa gas duk wata shida yana yoyo ne a wani wuri, in yoyon a cikin jikinsa yake gyaransa wahala ne. Matan gida sun fi mu sanin hanyar samun irin wannan. Dillaliyar unguwa ta san gidan da ake neman rabuwa da kaya kafin labari ya fita, kuma ba za ta so ta ɓata sunanta a gidajen da take shiga kullum ba. A ba ta la'adarta da daɗin rai. Idan kuwa a Facebook ko WhatsApp aka ga tallan, kada a tura ko sisi sai an je an gani. A nemi rasitin asali in akwai, don kauce wa kayan sata.

Ko daga wa za ka saya, je da mai gyaran da ka yarda da shi, kuɗin shan ruwansa bai kai asarar kwamfireso ba. A jona shi a bar shi aƙalla awa ɗaya, a ji ya tashi, a ji ya kashe kansa, a ji ya sake tashi ba tare da ƙwanƙwasa ba. Sa takardar Naira a bakin ƙofa ka rufe ka ja. In ta zare salin alin, robar ta mutu, sanyi na gudu ta nan. Gwada sama da ƙasa da gefe. Leƙa baya: sabon walda a kan bututu ko danshin mai alamar an taɓa shi ne. Sunkuya ka duba ƙasansa, nan tsatsa ke fara ci, nan kuma mai fenti ke mantawa. Idan an kawo gida, a ɗauko shi a tsaye, a bar shi wasu awanni kafin a jona don man ya koma mazauninsa. A ba shi tazara da bango, a nesanta shi da murhu da taga mai rana. A haɗa masa sitabilaiza mai jinkirta tashi, don kwamfireson da aka ɗauke wa wuta aka dawo da ita nan take yana buƙatar 'yan mintuna kafin ya sake ja.

Akwai tambayar da ta kamata ta zo kafin duk waɗannan: awa nawa kuke samun wuta? Idan unguwarku sai dare ake kawowa, awa huɗu ko biyar, firijin tsaye ba zai yi muku abin da kuke so ba. Duk buɗewa ɗaya sanyinsa zubowa yake ƙasa, kuma ko a rufe yake, bayan kamar awa huɗu babu wuta abinci ya fara shiga haɗari. Firiza ta kwance, mai murfi a sama, ita ce ta gidan da wuta ke wa wasa, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, tana kwanciya a ƙasa ko an ɗaga murfi. In ta daskare a cike kuma ba a yawan buɗe ta, tana wuce yini guda da sanyinta. A cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su daskare. Mai sana'ar zoɓo da ƙanƙara, da mai ajiye naman layya, nan ya kamata kuɗinsu ya tafi. Mai sola kuma ya nemi mai kwamfireson da ake kira inbata, wanda ke tashi a hankali, don na gargajiya yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci a lokacin tashi, abin da ke kayar da ƙaramin inbatan sola ko ƙaramin janareta.

Wani gidan ma tumatir da tattasai da alayyafo ne kawai damuwarsa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa ake sakawa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa mai iska. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa yana janye zafin ciki, yadda randa ke yi. A rani da bazara, lokacin da iska ta bushe, kayan miya na yin kwanaki da ɗanyensu. Da damina ƙarfinta na raguwa, kuma ba ta nama ba ce ko madara.

Mu dai bayan wancan firijin, ƙaramar firiza ta kwance muka saya ta hannun dillaliya, daga wani gida da ke bayan layinmu, mai alamar T da R600a. Bazara uku ke nan tana tare da mu. Mataccen kuwa ya fi shekara a tsakar gida ana tara tsofaffin kwanuka a cikinsa, har ranar da na ga ƙaramin ɗana yana ƙoƙarin shigewa ciki wajen wasan ɓuya. A ranar na cire ƙofofinsa, washegari na kira mai gyaran ya ciri abin da zai yi masa amfani, ragowar 'yan jari bola suka auna suka biya.