Wane baƙin mai ya dace da motarka a zafin Maraɗi, kuma yaushe za a yi juye?

Daga Afrilu zuwa Mayu zafin Maraɗi yakan wuce digiri 40, kuma da hunturu ya shigo ƙura ce ke karɓar aiki. Waɗannan biyun su ne ke cin baƙin mai a nan. Shi ya sa tazarar kilomita 15,000 tsakanin juye da juye, wato canjin mai, da za ka gani a littafin motar da aka sauke a Kwatano ba da kai take ba, an rubuta ta ne don titunan Turai.

Lambobin da ke jikin galan ba ado ba ne. A 15W-40, lambar farko tana nuna yadda mai zai gudana idan inji ya kwana ya yi sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne a digiri 100, wato lokacin da inji ke tsakiyar aiki. Sai alamar API, mai nuna ajin ingancin mai: harafin S na injin fetur ne, C na gazuwal, kuma duk yadda harafi na biyu ya yi gaba, man ya fi zama na zamani. SL ya fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020. Ta ɓangaren gazuwal CH-4 na 1998 ne, CI-4 na 2002.

Ga mafi yawan motocin da ke yawo a garin nan, Hilux da Hiace masu gazuwal, da tsofaffin Corolla da Carina da Starlet, ni 15W-40 mai ɗauke da CI-4/SL nake zaɓa, kuma ban ga na biyunsa ba. Kaurinsa yana riƙe fuskar ƙarfe ko da mota ta yi lodi ta kama hanyar Damagaram da tsakar rana, amma da asubar hunturu bai yi kaurin da zai makara kafin ya hau saman inji ba, kuma a waɗannan daƙiƙun farko na tayarwa ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Da yake don manyan injinan gazuwal aka haɗa shi, yana da sinadaran wanke datti da na kashe tsamin da ƙonewar mai ke haifarwa da yawa, yana kuma riƙe toka a jikinsa har ranar juye maimakon ya bar ta ta kwanta ta zama laka. Alamar SL ɗin ce ta ba shi izinin shiga injin fetur, don haka mai motoci biyu ko uku ba sai ya tara galan iri-iri ba. Shell Rimula R4 X, Mobil Delvac MX da Rubia TIR 7400 duk wannan aji ne. Kuɗinsa kuma bai kai wanda zai sa mutum ya riƙa jan ƙafa idan lokacin juye ya yi ba.

SAE 40 mai lamba ɗaya a bar wa injin niƙa da tsohon janareta. 20W-50 na injin da ya gaji ne, mai hayaƙi da shan mai. Yana rage hayaƙin amma ba ya gyara ringi. Shi kuwa mai na haɗin sinadari zalla, irin 5W-30 ko 0W-20, yana da kyau ƙwarai, sai dai na masu shi ne. Idan murfin injinka ko littafin motar ya ce 5W-30, kamar injinan Toyota masu VVT-i, wato na'urar daidaita buɗewar bawul, to ka bi shi, domin hanyoyin mai a cikinsu sirara ne, kuma mai kauri yana sa na'urar da ke daidaita buɗewar bawul ta riƙa makara. Haka motar gazuwal ta Turai mai matatar toka a salansa, mai ɗauke da alamar Turai ta ACEA C3 take so, 15W-40 zai toshe matatar. Zuba 5W-30 a Starlet da ta yi shekara talatin kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai, ga yoyo.

Ƴan kabu-kabu da masu adaidaita su nemi man babur mai alamar JASO MA ko MA2, saboda kulocinsu a cikin man yake jiƙe, kuma man mota mai santsi yana sa shi zamewa. Ƙaramin babur kusan lita ɗaya yake sha, kuma yawancinsu raga ce kawai ke tace musu mai, saboda haka kada a wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500.

Batun lokaci: da 15W-40, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Motar da ke cin kasuwannin ƙauye a kan jar hanya da rairayi, ko tasi da ke yini tana gunji a tsaye, a sauko zuwa 3,500 ko 4,000. Mai na haɗin sinadari a kan kwalta zai kai 7,500 lafiya. A lura da motocin da aka kawo daga Amurka, agogonsu mil yake ƙirgawa, mil 3,000 kuwa ya kusa kilomita 5,000. Wanda agogonsa ya mutu kuma yana aiki kullum, ya yi juye duk wata biyu zuwa uku. Baƙin da mai ke yi a injin gazuwal bayan kwana biyu ba laifi ba ne, aikinsa yake yi. Wanda ya koma kalar shayi da madara shi ne abin tsoro, ruwa ya shige shi, sai a duba gaskit.

Duk wannan lissafi banza ne idan abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a jikinsa ba, kuma nan ne injina suka fi mutuwa. Masu wannan ha'inci suna bin gareji suna tara man da aka juye, su bar shi ya kwanta, su tace, su rage masa duhu, wani lokaci su tsinka shi da gazuwal, sannan su ɗura a tsofaffin galan na kamfanonin da aka sani. Wasu kuma ɗanyen mai ne da babu sinadari ko ɗaya a ciki, ga haske ga kyau a ido, amma da ya ji zafi sai ya tsinke. Kafin ka biya, duba zoben da ke ƙasan murfi: dole ya karye ne lokacin da ka murɗa, ba ka same shi a manne da gam ba. Duba takardar gwangwanin da ke rufe bakin, da lambar zubi da kwanan wata da inji ke bugawa a jikin robar. Takardar jiki da ta karkace, ko rubutu mai kuskure, ya isa ka ajiye. Shinshina: sabon mai ba ya ƙauri, ba ya warin gazuwal. Ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka ba shi minti goma. Na gaskiya zai baje wasai, tsohon da aka tace zai bar baƙin tabo a tsakiya. Leƙa gindin galan da tocila bayan an zuba, kada ka ga laka. Man da ake aunawa a robar ruwa a bakin titi, kusa da kwalaben ruwa-ruwa, babu mai iya gaya maka ajinsa, har shi mai sayarwar. Idan farashi ya faɗi ƙasa da na babban dila sosai, ba rangwame aka yi maka ba.

Abin da irin wannan mai ke yi a ciki ba ya fitowa rana ɗaya. Yana daskarewa ya toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, fitilar mai ta fara ƙyaftawa idan mota ta tsaya, saman inji ya soma ƙara, tarbo ya fara hayaƙi, daga nan sai inji ya buga a tsakiyar hanyar Dakoro. Ka sayi manka da hannunka, a buɗe shi a gabanka, idan an gama kuma ka huda galan ɗin da wuƙa ko ka tafi da shi gida. Filta ma akwai jabu, mara nauyi, wadda babu bawul ɗin da ke hana mai komawa ƙasa.

Ranar juye a bar inji ya yi ɗumi na minti biyar zuwa goma kafin a kwance notin ƙasa, a bar man ya tsane sarai, a sa sabon washa. Filta a canza ta kowane juye, a shafa wa robarta mai, a ɗaure da hannu, kashi uku cikin huɗu na zagaye bayan ta taɓa. Corolla takan sha kusan lita 4, Hilux mai gazuwal kusan 7. A tayar na minti biyu, a kashe, a jira minti biyar, a auna a wuri mai daidai. Tsakanin layuka biyu na sandar awo kusan lita ɗaya ce a yawancin motoci, kuma wuce layin sama yana sa mai kumfa ya fasa robobin inji. A buɗe gidan filtar iska a lokacin: idan takardar ta yage saboda hurawa da iska mai ƙarfi, ko akwai ƙura a bututun da ke bayanta, a canza ta kafin motar ta bar gareji.