Saƙo daga Amurka ga masu kiwon karnukan gadi a Kaduna

'Yan'uwa, abin da ya fi bambanta cinikin kare a nan Amurka da na gida takarda ce guda. A Barnawa ko Malali, mai saye yana duba girman kan kwikwiyo da kaurin ƙafa, a nuna masa katin rigakafi, shi ke nan. A nan, mai kiwon da ya san aikinsa sai ya ajiye maka sakamakon gwajin ƙwayoyin gado na uwa da na uba kafin a yi maganar kuɗi.

Dalili shi ne ciwon laka da karnuka nau'in Jaman Shefad ke gada. A 2009 masana a Jami'ar Mizuri suka danganta shi da tangarɗa a ƙwayar gado mai suna SOD1. Yawanci sai kare ya kai shekara 8 yake bayyana, lokacin ya riga ya zuba 'ya'ya ko'ina. Yakan fara jan ƙafar baya, farata su cinye ta sama, ƙafafun su riƙa harɗewa, kuma babu zafi. Nan ya rabu da ciwon ƙugu, wanda ke sa kare ɗingishi da jin jiki in zai tashi. Ku lanƙwasa tafin ƙafar baya, bayansa ya taɓa ƙasa: lafiyayye zai gyara nan take, mai ciwon laka zai bar shi haka. Cikin wata 6 zuwa 12 ƙafafun kan shanye. Ba shi da magani, sai dai motsa jiki ya ɗan ja lokaci.

Kare nau'in Rotwaila kuma nasa ciwon gadon daban ne, ya fi muni. Tun yana kamar wata 3 jijiyar maƙogwaro ke mutuwa, numfashi ya riƙa ƙara, ya riƙa shaƙewa da abinci, galibi ba ya cika shekara.

Gwajin bai kai dala 100 ba. Ana goga tsinken auduga a cikin kuncin kare na kusan daƙiƙa 30. A hana shi abinci awa guda kafin nan, kwikwiyo kuma a raba shi da nono, don ƙwayoyin uwar kan gurɓata samfurin. A bar audugar ta bushe sarai, a sa a ambulan na takarda. Leda ce ke ɓata aiki, musamman da damina, domin fumfuna za ta cinye samfurin kafin ya iso.

Sakamako uku ne: wankakke, mai ɗauke da ƙwaya ɗaya mai tangarɗa, da mai biyu. In aka yi barbarar masu ɗauke da ɗaya-ɗaya, kowane kwikwiyo na da kashi 25 cikin 100 na gadon biyun. A Jaman Shefad ba duk mai biyu ne ke kamuwa ba, amma haɗarin na kansa. Kada a yar da karya mai kyau don tana ɗauke da ɗaya. A nema mata wankakken namiji kawai.

Wajen sauƙin kuɗin ganin likita kam, gida ya fi. Nan hoton laka da na'urar MRI kaɗai kan haura dala 1,000, alhali ku ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kusa da ku, inda hoton ƙashi zai nuna ko ƙugu ne. Masu kiwo biyar ko shida su haɗa samfuransu a aike ɗaya ta DHL zuwa ɗakin gwaji a nan Amurka, su fara da mazan da ake haya don barbara, tunda jininsu ne ya fi yaɗuwa a gari.