Shagon tura finafinai na Yelwa da fim ɗin da aka ce mini ya lalace

A unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, akwai wani ɗan shago da wani matashi yake tura wa mutane finafinai a waya da katin memori. Kwamfuta ɗaya ce, da benci, da fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Yawancin abin da ake nema wurinsa fassarar Indiya ce da na Kano da waƙoƙin Fulatanci. Ni kuwa ɗinki nake yi, kuma idan na rufe shago da dare ina son tsofaffin finafinan ban tsoro, irin waɗanda yara ke yi wa dariya yanzu.

Na tambaye shi ko yana da na masu shan jini, amma tsoho tukuf. Ya yi ta lalube har ya ciro guda biyu na ƙasar Filifin, ya ce: "Kawu, ɗayan nan ya lalace, launinsa sai canzawa yake yi, ja, shuɗi, ja. Ka ba da sefa 100 na ɗayan, wannan kyauta ne." Wannan gaskiyar tasa ta burge ni, don wani da shiru zai yi ya karɓe kuɗinsa. Sai dai fim ɗin lafiyarsa ƙalau.

Sunansa Kulay Dugo ang Gabi, wato dare launin jini ne da shi, na 1964, Gerardo de Leon ne ya ba da umarni. A Amurka an sayar da shi da sunan The Blood Drinkers. Fim mai launi yana da tsada a lokacin, shi ya sa aka ɗauki wasu wurare kaɗan da cikakken launi, sauran aka ɗauka fari da baƙi aka rina su. Ni da na tashi ina kai wa mahaifina yadi marina, ina gani na gane aikin. Dare shuɗi ne, kamar an tsoma shi cikin baba sau uku. Da zarar mai shan jinin ya kusato, komai sai ya koma ja, fuskar mutum da bango da hazon da ke bin ƙasa. Kafin wani ya buɗe baki ka riga ka san masifa ta iso. Ban taɓa ganin inda talauci ya yi wa fim ado irin wannan ba.

Shi kansa mai shan jinin, Dakta Marko, wanda Ronald Remy ya fito a matsayinsa, kansa a aske tal, ga baƙin tabarau cikin dare, ga alkyabba. So yake ya cire zuciyar wata yarinya ya sa wa 'yar biyunta, masoyiyarsa da ke bakin mutuwa, kuma Amalia Fuentes ce ta fito a matsayin dukansu biyun. Jemagensa dai na roba ne, matata ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma da jan nan ya sake rufe allon sai na ji ta matso kusa. Abin da ya ba ni sha'awa, ba kamar mayunmu ba ne da ke kama kurwa a ɓoye. Wannan cizon wuya yake yi a fili, kuma maganinsa fada ne, wato limamin coci, da gicciye da addu'a, don Sifaniyawa sun mulki ƙasar fiye da shekara 300, sun bar mata Katolika.

Na biyun, wanda na biya kuɗinsa, shi ne ya ba ni haushi. Ibulong Mo sa Hangin ne, na 1966, shi ma na de Leon, wannan karon duka mai launi. Wani babban gidan masu gonaki ne, an ɗaure uwar gidan da sarƙa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa saboda ta zama mai shan jini, mijinta yana ɓoye abin kunyar ga 'ya'yansa. Labarin ya fi na farko taɓa ni, rufin asirin gida ne zalla. To amma yaron ya matse fim ɗin don ya shiga ƙaramin kati, duk wurin da ke da duhu ya zama dunƙulen baƙi. Fim ɗin da rabinsa kyandir ne da inuwa, me ya rage? Barorin gidan kuma 'yan wasa ne da aka shafa wa baƙi a fuska. Wannan ba laifin mai shago ba ne, amma bai yi mini daɗi ba, kuma gara ku sani tun kafin ku kunna.

Da na koma na yi ƙorafi bai yi gardama ba. Ya ce in kawo kati babba, ya sake tura mini ba tare da matsewa ba, bai ƙara karɓar ko dala ba. Muryoyin Turanci ne aka ɗora, babu rubutun Faransanci, wanda ba ya jin Turanci sai dai ya bi hoto. Ku je da safe, don da yamma 'yan moto ke cika bencin, in kuma aka ɗauke wuta sai jira. Na kai masa sefa 100 na fim ɗin da ya ce ya lalace, ya ƙi karɓa. Har yanzu bai yarda da gangan aka yi launin ba.