Mako Shida a Kwas ɗin Dabarun Kasuwancin Fim a Unguwar Rimi

Bayan shekara tara ina aikin banki a sashen bayar da rance, na koma wani kamfanin shirya fina-finai a nan Kaduna a matsayin mai tsara dabarun kasuwanci, kuma tun a watan farko na gane cewa lissafin da na zo da shi bai isa ba. Wannan ne ya kai ni wata cibiyar horaswa da ke Unguwar Rimi, inda ake koyar da sababbin shiga harkar a ranakun Asabar da Lahadi har tsawon mako shida.

Darasin hanyoyin shigowar kuɗi shi kaɗai ya biya ni abin da na kashe. Malamar, wadda ta daɗe tana rarraba fina-finai, ta ɗauko mu tun daga zamanin da furodusa ke kai fim Ƙofar Wambai a Kano 'yan kasuwa su buga faifai, ta biyo da mu zuwa lokacin da masu tura fim a waya suka durƙusar da wannan kasuwa, har aka karkata ga fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. A nan na fahimci cewa tashar da ke son samun kuɗin talla a YouTube sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan kashi 55 cikin 100 ne rabonta, kuma mai kallo daga Ingila ya fi mai kallo daga unguwar Kawo ta nan Kaduna kawo riba. Da na tambaye ta ina jingina a wannan harka, kamar yadda na saba tambaya a banki, sai ta ce, "Malam, jinginarka ita ce haƙƙin mallakar fim da amincin da ke tsakaninka da jarumai." Wannan amsa ta sauya yadda nake rubuta kasafin kowane shiri.

Inda cibiyar ta gaza shi ne ɓangaren yarjejeniya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, a yammaci guda aka ratsa ta, alhali yawancin rigingimun da nake gani a ofis daga alƙawarin baka suke tasowa. Misalan lauyan da ya koyar da wannan darasi duk na gidajen sinima na Legas ne, kuma bai taɓo hukumar tace fina-finai ta Kano ba, wadda mai sayar da fim ɗin Hausa ba ya kauce mata.

Ajin ba ya cika, saboda haka kowa na samun damar tambaya, ko da yake ƙarar janareta kan hana na baya ji sosai. Wanda ya fito daga banki ko aikin akanta zai amfana ƙwarai, amma ya tanadi lauyan da ya san harkar Kannywood kafin ya sa hannu a takardar farko.