Wane irin yankan dutse ne ya cancanci kuɗinka?

A Zamfara da zinariya muka saba. Daga Anka zuwa Maru zuwa Bukkuyum, a kan sikeli ciniki yake ƙarewa: giram nawa ne, ya tsabtarta take, a biya. Wannan sabon ne ke cutar mutanenmu idan sun tashi sayen duwatsun ado irin su safaya, tomalin, akwamarin ko zumurrudu don maƙerin fari ya ɗora musu a zoben azurfa. Zinariya ko an narka ta darajarta na nan. Dutse kuwa in aka yanka shi ba daidai ba kuɗinsa ya faɗi, gyaransa kuma sai an sake rage masa nauyi.

Da karat ake auna nauyin dutse, giram ɗaya karat 5 ne. Ɗanyen dutse mai giram 2, wato karat 10, in an yanka an goge, abin da ke saura galibi bai wuce karat 2 da rabi zuwa 3 da 'yan kai ba, sauran ya bi ruwa ya zama ƙura. A nan masu yanka suka rabu gida biyu, mai ƙyashin rasa nauyi da mai neman haske.

Ɗanye dai, in ba sana'arka ba ce, bar wa dillalan Jos kayansu, domin tsagar da ke ciki ba ta bayyana sai an ɗora shi a kan faifan da ake yanka shi da gogewa. Mai doro, wanda aka goge sumul babu fuskoki, ya dace da aƙiƙ irin na tsarabar Makka, amma ɓarna ce a yi wa dutse garai-garai haka. Sai yankan kasuwa, wanda ake yi da yawa cikin gaggawa. Jaipur ta Indiya da Bankok ta Tailan suna da gwanaye, amma su ne kuma tushen yawancin wannan na arahar, kuma awo kawai ake bi wajen yin sa.

Wanda nake ba kowa shawara shi ne yankan gwani, ko da dutsen ya fi ƙanƙanta. Sirrin yana gindi. Haske yana shiga ta fuskar sama, ya bugi fuskokin gindi, ya dawo idonka ɗauke da launi. Ga tomalin da akwamarin, gwani yakan karkata waɗannan fuskoki wajen digiri 40 zuwa 43. In gindin ya yi faɗe-faɗe, hasken sai ya zube ta ƙasa, tsakiyar dutsen ta koma fayau kamar gilashin taga. Gwajin ba wuya: riƙe shi a saman takarda mai rubutu, ka duba ta sama. In kana karanta haruffa ta tsakiyarsa, ajiye shi. In kuma gindin ya yi zurfi fiye da kima, za ka ga baƙi-baƙi a ciki, ga tumbi da zai ɓuya cikin zobe alhali ka biya kuɗinsa. Zagayayyar safaya mai karat 1 da aka yanka daidai faɗinta wajen milimita 6 ne. In ka auna ka sami 5, nauyin yana tumbi.

Gwaninta ba ta tsaya a kusurwa ba. Tomalin launi biyu gare shi: ta tsawonsa yakan yi duhu, wani har kamar gawayi, ta gefe kuma ya buɗe. Mai yankan da bai juya shi daidai ba ya kashe shi. Safaya, har da shuɗiyar nan ta Mambila a Taraba, sau da yawa launinta tsiri-tsiri yake, wani wuri ya cika wani ya kwashe. Gwani sai ya ajiye wurin da launin ya taru can a tsinin gindi, daga sama ka ga shuɗin ya game ko'ina. Shi ya sa duwatsu biyu daga rami ɗaya, nauyi ɗaya, kuɗinsu kan yi nisa da juna. Da madubin dubawa mai ninka goma, kalli mahaɗar fuskoki: na gwani suna haɗuwa a tsini ɗaya, bakinsu da kaifi, babu zanen faifai a kansu.

Amma fa a kula ƙwarai, kyan yanka kaɗai ba shaidar asali ba ne. Dutsen da ya yi kyau ba tabo, babba, kuma da araha, shi ya fi cancanta a zarga. Tun 1902 Bafaranshe Verneuil ya bayyana hanyar haɗa yaƙutu a masana'anta, kuma irinsa ya cika kasuwanni. A madubi akan ga layuka masu lanƙwasa a cikinsa, na ƙasa kuwa layukansa miƙaƙƙu ne. Gilashi yana da kumfar iska, bakin fuskokinsa a dakushe, kuma yana saurin ɗaukar ɗumin hannu. Shuɗin tofaz da aka sauya wa launi ana sayar da shi da sunan akwamarin, alhali in girmansu ɗaya tofaz ya fi nauyi sosai. Akwai jan yaƙutu da aka cike tsagoginsa da gilashi mai dalma; ruwan lemun tsami kaɗai yana ɓata shi, in kuma maƙeri ya kusanto da wuta don ya rage zoben, gilashin ya narke, tsagogin su fito fili. Zumurrudu ana shayar da shi mai don ya rufe tsaga, man ya bushe aibin ya dawo. Wasu ma ɓari biyu suke mannawa, sama dutse ƙasa gilashi, su ɓoye mahaɗar cikin zobe mai rufaffen baya.

Don haka kada ka sayi dutse mai tsada a ɗore. A ba ka shi tsurarsa, ka fito da shi daga hasken kwan shago zuwa inuwa da hantsi, ka juya shi ta kowane gefe. Mai sayarwa ya rubuta maka sunan dutsen, karat nawa, faɗinsa da zurfinsa a milimita, da ko an gasa shi da wuta don gyara launinsa ko an cike tsagoginsa, da sharaɗin zai karɓi kayansa in gwaji ya saɓa. Sannan ka kai wa maƙeri, ka ce ya bar bayan zoben a buɗe.