Shinkafa, kifi ko albasa: wace tsaraba za ka ɗauko idan ka je ganin gida a Kebbi?

Duk wanda ya zo Kebbi ziyarar ƴan uwa ya samu Asabar ko Lahadi ya shiga kasuwa, ya san yadda ido ke ruɗewa, ga buhunan shinkafa jere, ga kwandunan banda, ga albasa tsibi-tsibi, kuma kuɗin aljihu ba za su ɗauke su duka ba. Shawarata ita ce kafin ka taya komai ka fara lissafa nisan hanyarka da irin motar da za ka hau, domin su ne za su zaɓa maka.

Bari in fara da shinkafa tunda da ita aka san jihar. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015, a 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwa da jihar Legas, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi ga WACOT a Argungu, don haka zaɓi biyu ne a gabanka, ta kamfani ko ƴar gida wadda mata ke turarawa a kai inji a ɓare. Ta kamfani ba tsakuwa, ka wanke ka zuba a tukunya kawai, amma gaskiya irinta za ka samu a Kano ko Abuja, bambancin kuɗin kuma wani lokaci kuɗin lodi a tasha ya cinye shi. Ƴar gida ta fi sauƙin kuɗi, ta fi ƙamshi, kuma ni a wurina ita ce tsaraba ta gaske, sai dai dole a zauna a tsince ta a rairaye, in maiɗakinka ma'aikaciya ce da ba ta da wannan lokacin to ka yi tunani sau biyu. Idan za ka saya kar ka tsaya kallon ta saman buhu, tura hannunka can ciki ka ɗebo, ka ciji ƙwaya ɗaya, in ta ce ƙas ta bushe, in ta yi danƙo a haƙori akwai sauran laima kuma za ta yi fumfuna kafin wata ya zagayo. Ka tambaya tsohuwa ce ko sabuwa, tsohuwa ta fi auki. Wanda tuwo ko waina yake so ya nemi ɗanya wadda ba a turara ba, ko karyayya ce ba komai, ta ma fi araha.

Kifi shi ne wurin da na fi jin tsoro wa baƙo. Argungu da Yawuri ba a faɗa masu kifi, bikin kamun kifi na Argungu ma tun 1934 ake yinsa, to amma ɗanyen kifi na cin nan take ne, ka sayi giwan ruwa ko karfasa a kai gida gwaggo ta yi maka farfesu a ranar, kar ka ce za ka yi doguwar tafiya da shi cikin zafin nan ko da a cikin kula mai ƙanƙara ne. Na tafiya banda ne, musamman tarwaɗa. Ɗauki ɗaya ka ɗan bubbuga a tafin hannu, in ka ga gari na zubowa ƙwari sun riga ka ci. Ka matsa cikinsa, in da taushi bai gama bushewa ba, nauyin ruwa za ka saya ya ruɓe maka a hanya. Sannan ka shinshina da kyau, hayaƙi ya kamata ka ji, domin akwai marasa tsoron Allah da ke fesa maganin ƙwari irin ota-fiya-fiya don kada kaya su lalace, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha yin gargaɗi a kai, wannan abu yana ci mani rai ƙwarai saboda yara ne ke shan romon. Ko da ka yarda da mai kayan, a jiƙa shi a ruwan zafi a wanke kafin ya shiga miya.

Albasa kuwa magana ce ta lokaci. Ta Aliero ba ta da na biyu, in ka zo da rani lokacin da ake cire ta za ka sha mamakin arha, in ka zo ƙarshen shekara ka bar ta kawai. Zaɓi ja mai busasshen wuya, a buhun raga, banda leda.

To wanne? Mai motar kansa ya ɗauki buhun ƴar gida ya ƙara da albasa in lokacinta ne. Mai hawa motar haya zuwa nesa, kwali ɗaya na banda mai kyau ya fi masa, ba nauyi, ba rigima da ƴan kamasho, kuma za a raba wa maƙwabta kowa ya samu.

Kar ka shiga kai kaɗai. Daga jin bakinka an san ba ɗan gari ba ne, farashi ya tashi, ja kawu ko wata inna ku tafi, su suka san wanda kwanonsa ke cika da wanda ya bubbuge gindin nasa, su za su ce "haba Alhaji, ɗanmu ne fa, a yi mashi gyara". Kifi da safe ake samun zaɓi, hatsi kuma bayan la'asar masu son komawa ƙauye sun fi sassautawa. Ka riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, masu POS suna nan amma sabis kan ɗauke ranar da kasuwa ta cika.